Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Kyamara a Bukukuwan Masu Hawan Iska na Kan Tsaunuka

Kowace shekara, idan wata ya cika goma sha huɗu a tsakiyar damina, wajen watan Agusta, dubban mutane kan kama hanyar tafkin Gosaikunda da ke gundumar Rasuwa a arewacin Nepal. Tafkin yana can cikin tsaunukan Himalaya, kusan mita 4,400 sama da teku. Daga garin Dhunche, inda mota ke sauke mutane, sai an yi kwana biyu ko uku ana hawa a ƙafa cikin hazo da ruwan sama da taɓo. Mabiya addinin Hindu kan je su yi wanka a ruwan mai sanyin ƙanƙara, su sauya zaren ibadar da suke ratayawa a kafaɗa, a bikin da suke kira Janai Purnima. Amma waɗanda suka fi jan ido su ne mutanen da 'yan Nepal ke kira jhankri, ƙabilar Tamang kuma ke ce musu bombo. Suna sanye da fararen riguna masu faɗin gindi, sun yi ɗamara da ƙararrawa, kansu ya sha gashin ɗawisu, suna hawan dutse suna rawa suna kaɗa wata ganga mai fuska biyu da mariƙi, wadda ake kira dhyangro. Idan kiɗa ya yi zafi sai jikin bombo ya ɗauki karkarwa, alamar da mutanensa ke fassarawa da cewa wani abu ya sauko masa. A daidai wannan lokaci ne jama'ar da ke kewaye da shi kan matso, kuma a 'yan shekarun nan hannuwa da yawa a cikin taron a sama suke, riƙe da kyamara ko waya.

Ba a Nepal kaɗai ake ganin wannan ba. A kwarin Rebkong na lardin Qinghai a ƙasar Sin, da kwaruruka uku na mutanen Kalash a arewa maso yammacin Pakistan, da wasu wurare masu wuyar zuwa a Asiya da Latin Amurka, bukukuwan da a da sai 'yan gari da maƙwabta ke halarta yanzu sun shiga jadawalin kamfanonin yawon buɗe ido. Har akwai tafiye-tafiyen da ake shiryawa musamman don masu ɗaukar hoto: a ɗauko mutum daga filin jirgi, a dire shi bakin fage ranar biki, ya cika na'urarsa ya koma gida. Muhawarar da ta biyo baya ta rabu gida biyu, masu cewa kyamara tana adana al'adun da ke dab da ɓacewa, da masu cewa ita ce ke lalata su. Duka ɓangarorin sun kauce wa inda gizo ke saƙar. Abin da tarihin fiye da shekara ɗari ya nuna shi ne, amfanin hoto ko cutarwarsa ya rataya ne a kan wanda ke da ta-cewa. Wa ya ba da izini, wa zai iya cewa a dakata, wa ya rubuta bayanin da ke ƙasan hoton, wa ya san inda aka kai shi? Inda wannan iko yake hannun masu biki, hoto kan zama taska. Inda baƙo ya riƙe shi shi kaɗai, ko da zuciya ɗaya ya zo, ɓarna takan biyo bayansa.

Su wane ne masu gangar?

Turawa sun haɗa duk irin waɗannan mutane sun laƙaba musu suna ɗaya, shaman, kalmar da suka aro daga harshen Evenki na Siberiya ta hanyar Rashawa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane abin da ake nufi, domin ta wata fuska suna kama da ɗan bori da iska ke hawa, ta wata fuskar kuma da boka mai ba da magani. Sai dai kamar yadda ba za a fahimci bori daga kallon rawar fage kaɗai ba, tunda akwai girka da jinya da alaƙa tsakanin mai iska da masu zuwa wurinsa, haka abin yake a kan tsaunuka. Bombo na Tamang manomi ne da rana kamar kowa. Ainihin aikinsa da dare ne, a cikin ɗakin marar lafiya, inda yake kwana yana kiɗa yana rera dogayen waƙoƙin da ya haddace daga malaminsa, yana neman dawo da kurwar da aka yi imanin ta ɓace. Masanin ɗan'adam David Holmberg, wanda ya zauna da Tamang na yammaci, ya nuna cewa addininsu yana tafiya ne a kan ƙafa uku: lama na addinin Buddha mai kula da mamata, lambu mai yanka ga abubuwan bautar ƙasa, da bombo mai hulɗa da iskoki don rayayyu. Hawa zuwa Gosaikunda ziyara ce ta sau ɗaya a shekara, inda malami ke kai almajiransa su sabunta ƙarfinsu.

A Rebkong kuwa ana ce wa mai wannan matsayi lhawa, ɗan ƙauye ne da aka yarda abin bautar dutsen garin yana magana ta bakinsa a bikin Lurol, wanda ƙauyukan 'yan Tibet da na ƙabilar Tu ke yi a wata na shida na kalandarsu ta wata, kafin girbi. Su kuma Kalash, waɗanda yawansu bai wuce dubu uku zuwa huɗu ba a kwarurukan Bumburet da Rumbur da Birir na yankin Chitral, suna da dehar, wanda ke shiga halin gushewar hayyaci cikin hayaƙin wani itace mai ƙamshi, ya faɗa wa jama'a abin da ya kamata su gyara. Masu bincike sun daɗe suna rubuta cewa irinsa ya yi ƙaranci ƙwarai. A duk wuraren nan uku, ranar biki ɗan yanki ne na wani aiki mai faɗi da ya haɗa da lafiya da noma da sulhu da tarihin dangi. Baƙon da ya zo ranar biki kaɗai ya hangi Dala ne, bai shiga birni ba.

Tsohon halin idon baƙo

Kafin a ƙirƙiro kyamara ma, idon baƙo ya riga ya saba da zaɓen abin da yake son gani. Zanen da aka fi sani a matsayin na farko da wani Bature ya buga na irin waɗannan mutane ya fito ne a littafin Nicolaes Witsen, ɗan Holan, a 1692. An zana mutumin Siberiya da gangarsa da ƙahonin barewa a ka, aka yi masa ƙafafu masu farata irin na dabba, aka kira shi limamin shaiɗan. Da kyamara ta zo, sai aka ɗauka ta kawo ƙarshen irin wannan ƙari, tunda gani ya kori ji. Amma mai riƙe da kyamara shi ke zaɓen inda zai tsaya da lokacin da zai danna. Edward Curtis, Ba'amurken da ya ɗauki hotuna kimanin dubu arba'in na 'yan asalin Amurka ya buga wasu daga cikinsu a mujalladi ashirin tsakanin 1907 da 1930, ya taɓa goge agogon tebur daga hoton wasu mutanen Piegan biyu da ke zaune a cikin bukkarsu, don agogon ya ɓata masa siffar mutanen da zamani bai taɓa ba. Hausawa ma sun ɗanɗana. A 1914 Manjo Tremearne, jami'in Ingila da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya buga littafi a kan bori, mai ɗauke da hotunan Hausawan Tunis da Tarabulus, kuma tun daga bangon littafin ya sanya abin a layin aljanu da rawar aljanu. Akwai bayanai masu amfani a cikinsa da masana ke komawa gare su har yau, amma waɗanda aka ɗauka ba su da bakin cewa komai game da sunan da aka ba su.

Wannan hali bai mutu ba, kaya kawai ya sauya. Mai ɗaukar hoto na yau da ke matsawa gefe don kada agogon hannun bombo ko takalmin robarsa ko wayar da ke aljihunsa su fito, aikin Curtis yake maimaitawa, sai dai shi tun kafin ya danna yake yin gogewar. Kasuwa ce ke son haka. Hoton da ke cin gasa ko ke tara masu yabawa a Instagram shi ne wanda ke gaya wa mai kallo cewa ga wasu mutane can bayan duniya da suka tsaya cak tun zamanin da. Gaskiyar kuwa ita ce yawancin gidajen ƙauyukan tsaunin Nepal suna da wani a Kathmandu ko Malesiya ko ƙasashen Larabawa yana aikin ƙarfi yana aiko da kuɗi, kuma mutumin da ya kira bombo da dare yana iya zuwa asibiti da safe.

Hanya, waya da hukuma

Abubuwa uku ne suka mayar da tsiraran baƙi suka zama cincirindo. Na farko hanya. Nepal ba ta buɗe ƙofarta sosai ga baƙi ba sai wajen 1951, amma a 2018 masu ziyartarta a shekara sun haura miliyan ɗaya. A Pakistan, mashigar dutsen Lowari da ke kai mutum Chitral takan toshe da dusar ƙanƙara watanni a kowace shekara, har sai da aka buɗe hanyar da aka huda ta ƙarƙashin dutsen a 2017. Na biyu waya. A da mai ɗaukar hoto mutum ɗaya ne da ake gani da jakarsa, yana lissafin kowane ɗauka domin fim yana ƙarewa. Yanzu kowane baƙo mai ɗauka ne, ba ya biyan ko sisi a kan ɗauka ta dubu, kuma kafin ganga ta yi shiru hoton ya tsallaka teku. Na uku hukuma. Bikin Lurol da aka danne a zamanin Juyin Al'adu na ƙasar Sin tsakanin 1966 da 1976, ya farfaɗo a shekarun 1980, kuma a 2006 gwamnati ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na ƙasa. Pakistan tana tallata bikin bazara na Kalash, Chilam Joshi, da ake yi a tsakiyar Mayu, kuma a Oktoban 2019 an kai Yarima William na Ingila da matarsa Bumburet aka yi musu rawa a gaban kyamarorin duniya. Abin da hukuma ta taɓa ƙyama ko ta yi ko-oho da shi, yau ya zama hajar talla.

Daƙiƙa ɗaya daga cikin kwana goma

Bikin Lurol ya isa misali a kan abin da kyamara ke ɗauka da abin da take bari. Ana shafe kimanin kwana goma ana yinsa, ƙauye bayan ƙauye. Mazan gari, daga tsofaffi har yara, suna yin sa'o'i suna rawa a jere cikin rana. 'Yan mata suna fitowa da adon murjani da azurfa suna taku a hankali. Ana ƙona garin sha'ir da nono da 'ya'yan itace a matsayin baiko, ana roƙon amfanin gona da kariya daga ƙanƙarar da ke kashe shuka. Kowane gida yana da abin da ya wajaba ya kawo, kuma lhawa yana iya tsawata wa wanda ya yi sakaci a gaban kowa. A wasu ƙauyukan, a wani ɗan lokaci, akan soka wa samari tsinken ƙarfe a kumatu ko a baya, wasu kuma su tsaga goshi jini ya zuba. To, duk wanda ya nemi hotunan bikin a intanet, tsinke da jini ne za su fara tarbarsa. Ba ƙarya hoton ya yi ba, abin ya faru. Amma idan aka ciro daƙiƙa ɗaya daga kwana goma aka ce ga bikin, an yi wa gaskiya kwange. Taron da ke ɗaure ƙauye wuri ɗaya ya koma wasan ban tsoro a idon wanda bai san komai a kansa ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan mai kallo na nesa ba, tana dawowa fage. Inda masu ɗauka suka yi yawa, sai su tare wa 'yan gari gani, su kutsa cikin layin masu rawa, su haska walƙiyar kyamara a fuskar mutumin da ba ya cikin hayyacinsa, wasu su tayar da ɗan jirgin ɗaukar hoto yana shawagi yana ƙara a kan wurin da ake ganin tsarkinsa. Sannu a hankali masu biki kan gane abin da ke jawo baƙi, sai a fara ƙara masa armashi, a rage abin da ba ya shiga hoto. Dogayen waƙoƙin dare, waɗanda su ne ainihin ilimin da malami ke ba almajiri, ba su da kasuwa domin kyamara ba ta ɗaukar ma'anarsu. Riga da gashin ɗawisu kuwa ana iya sayensu a kasuwa.

Inda hoto ke zuwa bayan baƙo ya tafi

Babu labarin da ya fi nuna nisan tafiyar hoto kamar na María Sabina, wata mai magani 'yar ƙabilar Mazatec a garin Huautla de Jiménez da ke kan tsaunukan Oaxaca a Meziko. A 1955 wani babban ma'aikacin banki na New York, Gordon Wasson, ya samu shiga zaman jinyar da take yi da dare, inda ake amfani da wani nau'in laimar kwaɗi mai juyar da hankali. Ya je tare da mai ɗaukar hoto Allan Richardson. A watan Mayun 1957 mujallar Life, wadda miliyoyin mutane ke karantawa, ta buga labarin da hotunan. Wasson ya sauya mata suna ya ɓoye sunan garin, amma asirin bai daɗe ba. Cikin shekarun 1960 matasan Amurka da Turai suka yi ta kwarara garin suna neman abin maye, 'yan sanda suka biyo su, mutanen gari suka ɗora wa matar laifi, aka ƙona gidanta. Ta rasu a 1985 cikin talauci, bayan ta faɗa cewa tun zuwan baƙi maganin ya rasa ƙarfinsa. Wasson kansa ya bayyana nadama a rubuce. Ta yarda a ɗauke ta, amma ta yaya matar da ba ta karatu, ba ta jin Sifaniyanci ballantana Turanci, za ta san abin da ake nufi da shiga mujalla irin Life? Izinin da aka bayar ba tare da sanin inda abu zai kai ba, rabin izini ne.

Matan Kalash suna fuskantar nasu nau'in a yau. Baƙaƙen rigunansu masu aikin zare kala-kala da hulunansu na wuri da duwatsun ado sun sa sun zama fuskar tallan yankin. Kafofin labarai sun sha kawo kokensu cewa maza 'yan yawon buɗe ido, yawanci daga biranen Pakistan, suna ɗaukarsu ba tare da tambaya ba, suna bin 'yan mata har ƙofar gida, suna yaɗa hotunan haɗe da ƙarairayi game da tarbiyyarsu. Ga kuma tatsuniyar da ake maƙala wa kusan kowane hoto, wai su jikokin sojojin Iskandar na Makidoniya ne, alhali binciken ƙwayoyin gado bai tabbatar da haka ba. Ga al'umma ƙarama da ke zaune tsakiyar masu wani addini, hoto da mugun bayani yana iya zama haɗari na gaske.

Mu ma a nan Afirka ta Yamma muna da darasi. A 1954 Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim na 'yan Hauka, wata ƙungiyar masu hawan iska da ta samo asali a yankin Filinge na Nijar a shekarun 1920, waɗanda iskokinsu ke kwaikwayon gwamna da hafsoshin mulkin mallaka. A kusa da Akara ya ɗauke su, cikin 'yan cirani, kuma ya ce su suka gayyace shi. Duk da haka, da aka nuna fim ɗin a Paris a 1955, ɗaliban Afirka da ke wurin sun fusata da ganin mutane suna kumfar baki suna cin naman kare, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasar da ta zama Ghana. Daga baya Ousmane Sembène na Senegal ya zargi irin su Rouch da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Abin da ke da ma'ana a fagen Akara ya zama abin kunya a zauren Paris. Rouch ya ƙarfafa al'adar mayar da fim ga waɗanda aka ɗauka su gani su yi gyara, ya ci gaba da aiki da abokansa 'yan Nijar har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004.

Abin da masu kare kyamara ke cewa

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta adanawa, kuma ba ta wasa ba ce. Fim ɗin da Michael Oppitz ya fitar a farkon shekarun 1980 a kan masu ganga na ƙabilar Magar ta arewa a yammacin Nepal, mai tsawon kusan sa'a huɗu, ya riƙe waƙoƙi da tsare-tsaren da yaƙin basasa da ƙaura suka girgiza daga baya. Lokacin da girgizar ƙasar Afrilun 2015 ta kashe mutum kusan dubu tara a Nepal, ta binne ƙauyen Langtang da ke gundumar da Gosaikunda take, tsofaffin hotunan matafiya sun zama abin da waɗanda suka tsira ke nema don su sake ganin fuskokin 'yan'uwansu da gidajensu. Sai dai idan aka duba da kyau, wannan hujja tana goyon bayan abin da ake faɗa a nan ne. Aikin Oppitz ya yi daraja ne domin an zauna watanni, an nemi fahimtar harshe, an ɗauki dukan al'amarin tun daga farko har ƙarshe. Hotunan Langtang sun yi amfani ne ranar da suka koma hannun mutanen Langtang. Hoton da ke kwance a kwamfutar wani a Turai, ba sunan wanda aka ɗauka, ba sunan ƙauye, ba ya adana wa kowa komai.

Hujja ta biyu kuɗi ne. Gaskiya ne baƙi suna kwana a masauki, suna ɗaukar 'yan dako da 'yan rakiya, suna sayen kayan hannu, kuma mai ƙoshi ba shi da bakin gaya wa talakan kan dutse ya kori abincinsa don a kiyaye tsarkin al'ada. Amma a tambayi yadda ake rabon. Kaso mafi tsoka yakan tsaya wurin kamfanin da ya shirya tafiyar a babban birni ko a ƙasar waje, kuma a Bumburet an daɗe ana kukan cewa masaukai da yawa ba na Kalash ba ne. Wanda fuskarsa ta jawo cinikin shi ke samun canji. Inda al'umma ce ke tsara kuɗin shiga da wuraren tsayawa, kuɗin kan shiga makaranta ko gyaran wurin taro. Inda ba tsari, sai yara su koyi miƙa hannu.

Hujja ta uku ita ce biki a fili ake yinsa, kuma masu gangar da yawa suna son a ɗauke su, har su gyara tsayuwa. Wannan ma gaskiya ne, kuma raini ne a ɗauka cewa mutumin ƙauye bai san abin da yake so ba. Matasan Tamang da na Kalash su ma suna ɗauka da wayoyinsu su aika wa 'yan'uwa da ke ci-rani. To amma wanda ya yarda a ɗauke shi yana tafe da gangarsa da safe, bai ba da izinin a ɗauke shi yana birgima idonsa a juye ba, kuma a wannan hali ba ya iya cewa a'a. Ɗan gari da ya ɗauka zai kwana a garin, gobe a tuhume shi idan ya yi ba daidai ba. Baƙo kuwa ya hau mota. Ana iya cewa kuma ai al'umma ba baki ɗaya take magana ba, dattawa na iya hanawa matasa su so, maza su yarda mata su ƙi. Haka ne, amma wannan dalili ne na a ƙara tambaya, musamman a tambayi ita wadda ke gaban kyamarar.

Mai karatu Musulmi ko Kirista yana iya cewa, mene ne ruwanmu da mutuncin abin da addininmu bai yarda da shi ba? Amsar ita ce ba a nemi kowa ya gaskata da iskokin dutse ba. Maganar ta haƙƙin ɗan'adam ce. Tarbiyyar da ta koya mana sallama da neman izini kafin shiga gidan wani, ta hana leƙen asiri da tozarta mutum, ba ta ce sai mai gidan ya zama ɗan addininmu ba. Duk wanda ya taɓa ganin bidiyon wata baiwar Allah da ake yi wa ruƙiyya, ko mai hawan bori, yana yawo a wayoyi ana dariya, ya san cewa ita da danginta ne za su rayu da abin. Wanzami ba ya son jarfa: kaɗan ne daga cikin masu kutsa kyamara a fuskar bombo za su yarda baƙo ya shigo ɗakin jinyar mahaifiyarsu ya ɗauka.

Ƙofa da mai tsaronta

Akwai waɗanda suka riƙe ikonsu, kuma ba su ɓace ba. Mutanen Hopi, masu zama a kan tuddan duwatsu na jihar Arizona a Amurka, sun ga yadda jirgin ƙasa da ƙaramar kyamarar Kodak mai araha suka cika musu gari da 'yan kallo a farkon ƙarni na 20, a lokacin rawar macizai da suke yi a Agusta don roƙon ruwa. Har tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya je kallo a ƙauyen Walpi a 1913. Tun cikin waɗancan shekarun aka fara taƙaita ɗaukar hoto, kuma har yau an hana baƙo ɗaukar hoto ko murya ko yin zane a ƙauyukansu, wasu bukukuwan ma an rufe su ga baƙi ɗungurungum. An yi ta hasashen al'adarsu za ta shuɗe ba tare da shaida ba. Fiye da shekara ɗari ke nan, suna nan suna abinsu. Su ma Kalash suna da irin wannan iyaka a Chaumos, babban bikinsu na hunturu a Disamba, inda a ranakun da suka fi tsarki ba a barin wanda ba a yi masa tsarki irin nasu ba ya kusanci wurin. Dokokin duniya ma sun fara biyo sawu. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta amince cewa su ke da ikon kula da al'adunsu da bukukuwansu da yadda ake amfani da su, kuma yarjejeniyar UNESCO ta 2003 ta ɗora al'umma a tsakiyar duk wani aikin adana al'ada.

Takarda dai ba ta hawa dutse. A bakin tafkin Gosaikunda babu ɗan sandan da zai duba abin da kowa ya ɗauka, don haka nauyin yana kan mai kyamara da editan da ke saye da mai kallon da ke yaɗawa. Abin da ake nema a wurinsu bai fi ƙarfin kowa ba: a iso kafin ranar biki a gaisa da masu gari, a tambayi abin da ba a ɗauka, a ajiye kyamara idan mutum ya fita hayyacinsa sai in an yi magana da shi tun yana cikin hankalinsa, a gaya masa inda hoton zai je da harshen da yake ji, a rubuta sunan bikin da dalilinsa daidai, a bar agogon a hannunsa, a mayar masa da hotonsa. Mai yin haka zai dawo da hotuna kaɗan, wataƙila ba wanda zai ci gasa a cikinsu. Amma idan wata ya sake cika a damina mai zuwa, bombo ya hango shi a kan hanya, zai san sunansa, kuma yana iya kiransa zuwa ɗakin da ake kiɗan dare, inda ainihin aikin yake.